Abin da ya sa Maraɗi take kallon kudu

Wani tsohon ɗalibina da ke jami'a yanzu ya rubuto mini yana cewa: “Malam, a takarda mu 'yan Nijar ne, babban birninmu Yamai. Amma ranar da naira ta faɗi ko aka rufe hanyar Jibiya, a ranar kasuwar Maraɗi take ji a jikinta, abin da ya faru a Yamai kuwa sau da yawa a rediyo kawai muke jin sa. Ga kuma ƙasashen bakin teku irin su Kwaddibuwa da Gana sun yi mana nisa a arziki. Shin Turawa ne suka ja mana wannan da suka yanka ƙasa yadda suka ga dama, ko kuwa haka Allah ya halicci ƙasar tamu?”

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma da wuya shekara ta wuce wani yaro bai ɗaga hannu ya yi mini irinta ba, sai dai kafin in yi nisa an kaɗa ƙararrawa. Yanzu na ajiye alli, babu mai kaɗa mini ƙararrawa, sai ka gyara zama.

Mu fara da ruwan sama, domin shi ya riga Nasara yanka ƙasar nan.

Daminar Afirka ta Yamma daga teku take tasowa. Iska mai laima tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, tana turowa arewa a hankali har watan Agusta, sannan ta ja da baya, iskar hunturu ta hamada ta biyo sawunta. Kada hadarin da kake gani yana haɗowa daga gabas ya ruɗe ka. Hadarin ne yake tafiya yamma, amma laimar da ke ciyar da shi daga kudu take zuwa. Inda iskar ta fara isa kuma ta daɗe, ruwa ya wadata. Inda ta isa a gajiye, sai abin da aka samu. Konakiri tana samun sama da milimita 3,000 a shekara, Legas sama da 1,500, Kano wajen 800, mu nan Maraɗi wajen 500, Agadas da ƙyar take haura 100, Bilma kuwa ba ta kai 20 ba. Saboda haka ƙasar ta zama kamar zanen saƙi mai ratsi-ratsi, kowane ratsi kwance daga Senegal har Cadi. Ratsin ƙasa shi ne kurmi, gidan goro da manja da doya, inda ƙudan tsando ba ya barin saniya ko doki su rayu. Sama da shi ƙasar dawa da masara da auduga. Sai namu, na hatsi da wake da gujiya. Ka wuce Dakwaro ka shiga ƙasar kiwo, wadda dokar 1961 ta shata mata iyaka ta ce daga nan noma ya tsaya, ko da yake yunwar gona ta daɗe da tsallake layin. Daga can sai hamada, mai gishiri da dabino.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Mutumin Maraɗi ba shi da wani abin kirki da zai kai wa mutumin Dogon Dutsi ko na Damagaram wanda ba su da shi, don ratsinsu ɗaya, hatsinsu ɗaya. Wanda yake bukatar abinka shi ne wanda ruwansa ya bambanta da naka, wato na arewa da na kudu. Shi ya sa tun kafin a san akwai wata ƙasa Faransa, fatauci a nan daga arewa zuwa kudu yake gudana. Ayarin Buzaye ya ɗauko kantun gishiri daga Bilma da Fashi, ya sauko ƙasar Hausa ya koma da hatsi da turkuɗin Kura. Fatake su kora jakuna har Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro. Fatar jar akuyarmu ta bi ta Kano da Agadas da Gat ta kai Tarabulus, a Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Kai, ko gulbinmu ka duba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya gaida Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da aka gina madatsar Jibiya, masu lambu a fadamar nan su suka fara gani a rijiyoyinsu.

Sai dai akwai inda nake saɓa wa masu cewa ƙasar Hausa dunƙulalliya ce lafiya lau har Bature ya zo da rula ya tsaga ta. Tarihin garinmu da kansa ya ƙaryata haka. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804, Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Kusan ƙarnin nan duka, tsakanin Maraɗi da Katsina yaƙi ne da hari da kamun bayi, da daji da aka bari ya yi duhu a tsakani don babu mai iya zama a cikinsa. Zamanin Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, mutanen daular Sakkwato ba su yi barci da ido biyu rufe ba. Iyaka dai akwai ta. Bambancinta da ta yau shi ne tana matsawa gwargwadon ƙarfin dawaki, kuma fatake suna ratsa ta in sun biya kuɗin fito.

Yanzu ga Nasara. A lakwal an koya muku taron Balin na 1884 zuwa 1885 kamar a nan aka zana taswirar Afirka. A Balin ƙa'idojin wawaso aka shimfiɗa. Layukan kansu daga baya aka yi ta jan su, ƙasa biyu-biyu suna ciniki. Namu layin sau huɗu aka taɓa shi. A Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa wa Ingila. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa, ya ce abin da aka bar wa Faransa ƙasa ce marar nauyi, yana nufin rairayin Sahara. A Yunin 1898 aka sake zama, aka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zaga da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A wannan layin, Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk a ɓangaren Ingila suke. Ka ji fa: a takardar 1898, da ni da kai 'yan Najeriya ne.

Abin da ya canza lamarin rijiya ce. Faransawa suna son hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi, amma da suka zo bin gefen da aka bar musu sai suka tarar babu ruwan da zai shayar da ayari. Rundunar Faransa ta 1899, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta karkato kudu ta bi ta inda garuruwa da rijiyoyi suke, ta yi ɓarnar da har yau tsofaffi ba su manta ba: ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bi ƙauyuka tana kisa. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su, suka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi, nan ƙasar Tasawa. Bayan an kama Damagaram a shekarar nan, matsalar ruwa tana nan daram, kowane ayarin soja sai ya sha wuya. Faransa ta yi ta naci a ba ta hanya mai rijiyoyi, tana kafa hujja da cewa ai Maraɗi da Gobir ba su taɓa bin Sakkwato ba, wanda kuma gaskiya ne. A Afrilun 1904 aka yi babban sulhu tsakanin ƙasashen biyu. Cikin abin da Faransa ta saki har da wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada. Cikin abin da aka biya ta da shi har da turo iyakar nan kudu. Yarjejeniyar 1906 ta ƙara gyara layin, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi shi a ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi. Duk lokacin da na gaya wa 'yan aji cewa da kifin wani teku mai ƙanƙara aka yi musayar garinsu, sai su yi dariya suna zaton zolaya ce.

Kakata har ta rasu ba ta taɓa cewa Najeriya ba. “Ingilishi” take cewa, mu kuma nan “Faranshi”. In ƙanenta da ke wajen Jibiya ya zo, sai ta ce baƙon Ingilishi ya iso, a dama fura. Ta ba ni labarin shekarar da aka matsa wa ƙauyensu da lanho, wato haraji, da aikin dole, maza suka kwashe da dare suka tsallaka, suka bar mata da tsofaffi, sai da gardawan kumandan suka gaji da zuwa sannan suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Gonar tana nan, rumbun yana can. A wurinsu layin nan ƙofar gudu ce, kuma tun ranar mutanenmu suka gane cewa inda doka biyu suka haɗu akwai abin ci.

Me ya sa harajin Faranshi ya fi ciwo? A nan ne labarin sauran ƙasashen ya shigo. Ɗauki taswirar Afirka ta Yamma ka dubi siffarsu. Gambiya kamar yatsa a cikin bakin Senegal, don Ingila kogin kawai take so. Togo da Benin sirara kamar an tsaga rake, don Jamus da Faransa kowa daga 'yar tasharsa ta bakin teku ya kutsa ciki. Gana da Kwaddibuwa da Najeriya duk haka, daga teku zuwa sama. Ingila ta zaɓi bakin manyan koguna da inda jama'a take da yawa. Faransa ta tashi da faɗin ƙasa, ta haɗa yankuna 8 ƙarƙashin gwamna guda a Dakar. Uku daga ciki, Mali da Burkina Faso da Nijar na yau, ba su da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Kuma dokar kuɗi ta Faransa ta 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Mai tashar jiragen ruwa yana da kayan da za a yi wa kuɗin fito. Wanda ba shi da ita fa? Sai kan mutum da kan dabba. Haka aka bi talaka da harajin da dole a biya da kuɗin Faransa, a ƙasar da ta saba da kuɗin wuri, ko a shekarar yunwa irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Aikin dole kuwa sai 1946 aka soke shi, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa.

A idon Dakar, ƙasashen ciki rumbun ma'aikata ne. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Burkina, wadda ake kira Haute-Volta a lokacin: an kafa ta a 1919, a 1932 aka rushe ta aka raba wa maƙwabta, kaso mafi yawan jama'a aka liƙa wa Kwaddibuwa don Mosawa su je gonakin koko da kofi da aikin layin dogo, sai 1947 aka maido ta. In ka ga arzikin Abijan, ka tuna akwai gumin mutanen Sahel a ƙarƙashinsa.

Layin dogo ma labari ɗaya yake bayarwa. Kowanne daga tashar teku ya taso ya nufi inda kaya suke, babu wanda aka yi don ya haɗa maƙwabci da maƙwabci. Na Dakar ya haɗe da Bamako a 1924. Na Abijan, wanda har sunan Nijar aka laƙaba masa, ya kai Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, ya tsaya. Na Kwatano ya kai Paraku a 1936, kilomita 438, shi ma ya tsaya. Nijar ta karɓi 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960 ba ta da ko taku ɗaya na dogo. Amma Ingilishi fa? Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1911 dogo ya iso Kano, a 1912 aka haɗa shi da Legas. Turawan sun yi lissafin auduga za ta biyo jirgin, manoma da 'yan kasuwar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, daga 1912 abin ya ɓarke. Jirgin nan shi ya kashe fataucin Sahara, don raƙumin da ke wata da watanni kafin ya kai Tarabulus ba zai yi gasa da shi ba. Agadas da Damagaram, da suke ƙofar shiga, suka koma bayan gida.

Ka auna da kanka. Daga Maraɗi zuwa Katsina wajen kilomita 90 ne, zuwa Kano wajen 250, kuma a can ga jirgi yana jira. Zuwa Yamai wajen 660. Zuwa Paraku, inda dogon Faransa mafi kusa yake, kusan 1,000. Wane buhun gujiya ne zai zaɓi Paraku? Faransawa sun san da haka, kuma bai yi musu daɗi ba. A 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai. An ba da dalilin ƙarancin ruwa, gaskiya ne kuma, amma kusancin Damagaram da Kano da rashin yarda da sarautarta, wadda suka tuɓe sarkinta a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suna cikin lissafin. A farkon shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa: motoci su hauro da kaya daga Paraku, su koma da gujiya, gwamnati ta cike gibin kuɗin mota, duk don a juya fuskar kasuwa daga Kano zuwa Kwatano. Ƙasa tana ja kudu, mulki yana ja yamma. Wannan jayayyar ce kake ji a jikinka har yau.

Gujiya ita ta gina Maraɗin da ka sani. Tsohon garin a cikin fadama yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka yanka tituna miƙaƙƙu, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da sikeli. Ina yaro, bayan 'yanci da kaɗan, nakan bi mahaifina da jakinmu in kaka ta yi. Ina tuna ƙurar wurin awo, da ƙamshin ɗanyar gujiya, da yadda yake kafa wa allurar sikeli ido ko ƙiftawa ba ya yi, alhali bai iya karanta lambar ba. In an biya shi, kafin mu bar wurin ya ware na lanho ya ƙulle a bakin rawani, sauran ne namu: turmin atamfa ɗaya, gishiri, kananzir. Yaran kantunan nan da dillalan da ke saye wa Turawa a ƙauyuka, da yawansu su ne suka zama alhazan Maraɗi na farko. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta karɓe cinikin, kuma a shekarun 1960 gujiya ce fiye da rabin abin da Nijar take sayarwa waje. Sai farin 1968 zuwa 1974 ya zo, cutar gujiya ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, manomi ya koma hatsi da wake don ciki ya riga aljihu.

Daidai lokacin yuraniyom ya karɓi wurin. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, kuɗinsa ya gina manyan gine-ginen Yamai da hanyar Tawa zuwa Arlit, farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980. Ka lura da bambancin: kuɗin gujiya ta hannun manomi yake bi kafin ya kai ga gwamnati, na yuraniyom daga rami yake wucewa baitulmali, manomin garin Cadawa bai gan shi ba. Man Agadem ma haka, ko matatar SORAZ ta 2011 mai ganga 20,000 a rana, ko bututun kusan kilomita 2,000 da ya fara kai ɗanyen mai gaɓar Benin a 2024. Arzikin gwamnati yana arewa da gabas, hanyar fitarsa tana yamma. Cikin jama'a kuwa yana nan kudu: a ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan mutane bayan Damagaram, miliyan 3.4 cikin miliyan 17.1, a kan abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 na faɗin ƙasar ba da wani abin kirki. Waɗannan mutanen kasuwarsu ita ce maƙwabciya mai mutum sama da miliyan 200.

Da gujiya ta mutu, iyakar kanta ce ta zama gonar alhazai. Najeriya ta sami mai a Oloibiri a 1956, yaƙin basasarta na 1967 zuwa 1970 ya buɗe wa 'yan kasuwarmu ƙofofi, hauhawar farashin mai ta 1973 ta cika ta da kuɗi. Ta riƙa hana shigo da wasu kaya don ta kare masana'antunta, tana kuma sayar da fetur da taki da araha. Sai ciniki ya zama hanya biyu. Taba da atamfa da shinkafa da gwanjo su sauka a Kwatano, su bi ta Gaya su zo rumbunan Maraɗi da takardar wucewa, daga nan su san yadda suka yi suka tsallaka. Daga can kuma fetur ɗin 'yan ruwa-ruwa da taki da siminti da robobi su hauro. Shanu da tumaki da wake da aya da riɗi da albasar Galmi su gangara Jibiya da Dawanau har Legas.

Kuɗi biyu su ne zuciyar abin. Sefa, da aka ƙirƙira a Disambar 1945, a ɗaure take: da farko da kuɗin Faransa, yanzu da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya tun 1999, kuma sau ɗaya aka kwance ta da ƙarfi, a Janairun 1994, aka raba darajarta biyu. Naira, da ta fito a 1973, tana hawa da sauka da farashin mai da siyasar Abuja. A farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka a farashin gwamnati; a 2024 jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. In naira ta faɗi, mai sayen kayan Najeriya ya yi dariya, don jikarsa ta yi nauyi. Amma makiyayin da ya kai bijimi Jibiya a naira za a biya shi, in ya zo wurin ɗan canji sai ya ga rabin bijimin ya narke. In kuma hatsi ya fi tsada a can, sai buhunanmu su bi kuɗi su gangara, kamar yadda ya faru a 2005, shekarar da jihar da ake kira rumbun ƙasa ta cika da yara masu tamowa. Shi ya sa ɗan canjin bakin kasuwa ya fi mai karanta labarai sanin halin da gari zai kwana.

Rufe iyaka kuwa mun sha shi. Na 1984 zuwa 1986 ya haɗu da fari, har mutane suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ina sabon malami a wani ƙauye a lokacin, na ga aji ya ragu da rabi cikin wata biyu, iyaye sun kwashe yara sun tafi neman abin kai wa baka. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, kwalbar ruwa-ruwa ta tashi cikin kwanaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka aka kuma yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, sai Maris na 2024 aka buɗe. Wannan kai ma ka gani da idonka, ba sai na faɗa maka yadda garin ya yi ba.

Saura batun ƙasashen bakin teku. Teku tana da rana, babu musu: duk kwantenar da ta sauka a Kwatano ko Lome, kafin ta iso nan ta biya mota da duwan da shingaye na sama da kilomita 1,000, kuma in an yi saɓani da mai tashar, kamar yadda gadar Gaya ta kasance a rufe bayan 2023, sai a zagaya ta Burkina da rakiyar soja. Ruwan sama ma yana da rana: Kwaddibuwa da Gana su biyu suna noma wajen kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, itacen da ba zai rayu wata ɗaya a nan ba. Amma kada ka ɗauka teku da ruwa sun isa. Gini tana da teku, tana da ruwan sama mai yawa, a tsaunukanta kogin Kwara da na Senegal da na Gambiya suke tasowa, tana cikin manyan masu ma'adinin bauxite na duniya, wanda ake yin alminiyum da shi, ga ta nan cikin matalauta. Saliyo da Laberiya haka. Su kansu masu kokon, a Landan da New York ake yanka musu farashi. Tsarin da aka gada ɗaya ne daga Dakar har Njamena: fitar da abu ɗanye guda ɗaya ko biyu, a sayo sauran.

In ka matsa mini in raba laifi, zan ce ƙasa ta ba mu ruwa kaɗan da nisa daga teku, Nasara ya zo ya ɗora mana babban birni da kuɗi da hanya masu kallon wani gefe daban da inda kasuwarmu take. Amma shekara sittin da wani abu ke nan da tafiyarsa. Har yau fatar jar akuya ɗanya take tsallakawa a jeme ta a Kano, saniya da ƙafarta take tafiya Legas, masana'antun da aka kafa a garin nan da dama sun rufe. Wannan ba Salisbury ya yi mana ba.

Dogon da ake shimfiɗawa yanzu daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wajen kilomita 284, a Fabrairun 2021 aka ɗora harsashinsa, shekara 110 bayan jirgi ya iso Kano, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa. Na Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa wajen 2014 zuwa 2016 yana nan kwance ba ya jigila. Tunda hutu ya kusa, ga aikin da zan ba ka. Ka sami littafi da biro, ka zauna a bakin hanyar Ɗan Isa ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, daga asuba zuwa azahar. Shafi ɗaya ka rubuta abin da kowace mota ta ɗauka ta yi kudu, ɗaya shafin abin da ta ɗauko ta yo arewa, ka sa alama a kan duk abin da ya bi ta cikin inji kafin a loda shi. In ka gama ka kawo mini littafin gida bayan la'asar, mu duba tare. Ka gaida mahaifinka.